Ranar da Na Kulle Matan Coci a Sel

Ko na manta da komai, ban da Asabar ɗin da na yi tafinta a cocinmu na Sabon Tasha. Wata likita ce ta zo yi wa zumuntar mata bayani kan rigakafin sankarar bakin mahaifa, cutar da ta ɗauke mana Mama. Anti Ladi, ƙanwar Mama, ta rantse ba mai tsira wa 'yarta Rifkatu allura. Da ƙyar na lallaɓo ta taron. Da aka nemi mai fassara kuwa, na miƙe jiki na rawa (ai a ofishin wani kamfani nake aiki a Kudenda, Turanci a wurina ruwan sha ne, a ganina).

Likita ta fara da Turanci, ta ce a cikin kowane "sel" akwai mai gadi, sunansa p53. Ni kuwa sel ɗaya na sani a duniya. Na gyara murya na ce, "Likita ta ce duk ɗakin da 'yan sanda ke tsare mutane akwai mai gadi, lambarsa hamsin da uku." Ta ci gaba, ni ma na ci gaba: wai ɓarawo yana shiga, ya kashe mai gadin, ya yi ta buga takardunsa da injin hukuma (har da kaɗa yatsa nake yi, ku ji fa).

"Yesu!" in ji wata tsohuwa. "A wane caji ofis?"

Anti Ladi ta suri jakarta. "Ban gaya muku ba? Allura har da 'yan sanda!"

Sai likita ta dafa kafaɗata, ta ce da Hausa tangaran, "Sannu 'yar'uwa, zauna ki huta." Ashe tana ji sarai, dariya ce ta hana ta tsayar da ni. Na zauna kamar an watsa min ruwan sanyi.

Ta ce sel na nufin ƙwayar halitta, ƙananan ɗakunan da aka gina jikinmu da su, ido ba ya ganinsu. Ƙwayar cutar da ke jawo sankarar ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga ɗakin ta tilasta masa kwafe mata DNA ɗinta, wato rubutun halittarta. Shi p53 furotin ne, wato wani sinadari a cikin ɗakin, da ya ga ɓarna sai ya tsayar da aiki cak. In abin ya fi ƙarfin gyara, ya umarci ɗakin ya mutu don sauran jiki ya tsira. Ita kuma cutar takan zo da nata furotin da ke sa a jefar da shi a shara. Idan ta daɗe a haka, ɗakunan su yi ta ninkuwa ba birki, har sankara ta fito. Allurar tana tare cutar tun daga ƙofa.

Na kalli hannuna. Duk wannan gadin ake yi a cikina, ni ina can ina cin masara ban sani ba? Kai, Allah da girma yake! Har kunyar ma na manta.

Anti Ladi tana tsaye da jaka a hannu. A hankali ta ce, "Likita, wato mai gadin yayata jefar da shi aka yi?"

Likita ta gyaɗa kai. Anti ta share ido da bakin zani, ta ce, "To na Rifkatu ba mai taɓa shi. Ina ake allurar?"

Ni dai tun ranar, in ban gane kalma ba, tambaya nake yi kafin in buɗe baki. Amma an makara, matan coci har yau Dipi'o suke kirana.