Rasuwar Akwatin Imel da Bai Taɓa Sa Mini Magana a Baki Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da har yau ban iya ɗaga ta sosai a cikin mutane ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki, da duk wanda ya taɓa samun saƙo daga gare ni, rasuwar tsohon akwatin imel ɗina. Ya rasu bayan doguwar jinya, sakamakon abin da masu shi suka kira sabuntawa. A hannuna ya cika, kuma da yatsana.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai duba rubutu ne a maɗaba'a. Aikina in zauna da biro in bi shafi layi-layi, in kamo harafin da ya ɓace da waƙafin da ya zauna inda ba a gayyace shi ba, kafin injin ya buga kuskuren sau dubu. Wanda ya koya mini wannan sana'a shi ne maigidana na farko, mai wata ƙaramar maɗaba'a da na shiga ina saurayi. Shi ya laƙaba mini Jan Biro. Shi ne kuma ya sa aka buɗe mini akwatin nan, lokacin da masu kawo aiki suka fara cewa sun gaji da zuwa da takarda a hannu. Shi kansa bai taɓa son abin ba. Yakan tsaya a bayana hannu a ƙugu, ya faɗi abin da za a rubuta, in na gama ya sa in karanta masa daga farko, sannan ya yarda a aika.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne, kuma bai taɓa cewa shi kyakkyawa ne ba. Fari ne da ɗan shuɗi a sama, rubutunsa ƙanana, layukansa a matse kamar kujerun motar haya. Amma mai gaskiya ne. Saƙon da ya zo yanzu yana sama, na jiya yana ƙarƙashinsa, ba ya fifita kowa. Abin da ka ajiye a wuri, nan za ka same shi baɗi. A kusurwar ƙasa ta hagu yana da wata 'yar kibiya ta komawa baya, wadda babban yatsana ya san hanyarta fiye da yadda ƙafata ta san ƙofar ɗakina. Ba shi da surutu. In saƙo ya shigo sai ya ce ƙwal, sau ɗaya, ya yi shiru. In ka aika sai ka ji shuu, kamar an tura takarda ta ƙarƙashin ƙofa, ka san maganarka ta fita daga hannunka. Mafi girman halayensa, wanda ban san darajarsa ba sai da ya tafi, shi ne bai taɓa tsammanin ya san abin da nake son faɗa ba.

Ciwon ya fara ne da wani ɗan ƙyalle mai launi da ya bayyana a samansa, yana cewa in gwada sabon salo. A ƙarƙashi akwai maɓalli biyu, na karɓa da na “Ba yanzu ba”. Kullum sai in danna “Ba yanzu ba”, shi kuma marigayin ya koma aikinsa kamar ba abin da ke damunsa. Mun daɗe a haka. Sai wata safiya na buɗe na tarar “Ba yanzu ba” ya ɓace, maɓalli ɗaya ya rage, an rubuta masa “Na gane”. Ina sauri, marubuci yana jiran shafukansa. Na danna. Ni da nake cin abinci da auna kalma, na sa hannu a kan cewa na gane, alhali ban gane komai ba. Allon ya yi fari na ɗan lokaci, da ya dawo ba shi ba ne.

Magajinsa yaro ne mai fara'a. Komai nasa zagayayye ne, ga fili fetal tsakanin layi da layi, sai ka yi ta jan allo kafin ka ga saƙo uku. Ya ɓoye wurin maƙala takarda a bayan wasu ɗigo-ɗigo. Ya raba mini wasiƙu gida-gida bisa ra'ayinsa, har takardar makarantar 'yata ta kwana cikin tallace-tallace. Ba ya ƙwal, ba ya shuu. A ƙasan kowane saƙo kuma yakan jera amsoshi da ya riga ya dafa, wai don ya rage mini wahala. Na yi mita a wurin aiki, na yi a gida har maiɗakina ta ce in ba zan daina ba in koma aika ɗan aike. Daga nan na yi abin da kowa yake yi, na haƙura.

Ranar da abin ya faru ina tsakiyar duba wani littafin lissafi na 'yan firamare. Wayata ta yi motsi, na ga saƙo ne daga autar maigidana. Na san ya daɗe yana kwance. Ya kamata in faɗi cewa shekaru da suka wuce na bar maɗaba'arsa na koma wata babba, kuma bai ji daɗi ba. Ba mu yi faɗa ba, muna gaisawa, ina zuwa duba shi, amma mutane sun riƙe cewa akwai wani abu a tsakaninmu. Saƙon ya fara da cewa, “Wahalar Baba ta ƙare.” Sauran layukan sun faɗi lokacin da ya cika da inda za a same su. Ta aika wa dangi, da tsofaffin ma'aikata, da mutanen da suka yi shekaru suna kawo masa aiki.

Na karanta, na sake karantawa. Abin da ya zo mini shi ne in fita daga saƙon in kira ta, sai yatsana ya tafi kusurwar ƙasa ta hagu, inda ya saba. Ban ji komai ba. Sai na ga ai kira ba shi da amfani, gara in je da ƙafata. Na jefa wayar a aljihu, na nemi izini, na fita. A hanya tana ta motsi a cinyata, na ɗauka masu sanar da ni rasuwar ne, ban duba ba.

Na tarar an jera kujerun falon a jikin bango, an ɗauke teburin tsakiya. Fuskoki duk na sani: mai injin bugu, mai ɗinkin littafi, direban da ke kai mana takarda. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gaisuwa, idona da hawaye. Hannuwan da aka miƙo mini duk a sake suke. Na isa wurin babban ɗan maigidana, wanda muka yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya a bayan shago. Ya dubi hannuna, ya tashi ya tafi ɗebo wa wani ruwan da bai roƙa ba. Na zauna ina tunanin baƙin ciki ne ya sa kowa ya zama haka.

Mai ɗinkin littafi ne ya ja ni zuwa lungun da ke kusa da kicin. Ya tambaye ni a hankali ko lafiyata ƙalau, ko wani ya ɗauki wayata. Sannan ya miƙo mini tasa. Ga sunana, ga hotona, ga abin da na amsa wa auta da duk wanda ta aika wa:

“Madalla, na yi murna!”

Har da ɗan hoton hannuwa biyu suna tafi.

Daga baya na fahimci yadda aka yi. Yaron nan, magajin akwatina, ya ga an ce wahala ta ƙare, ya yanke cewa abin murna ne, ya ajiye amsarsa daidai inda kibiyar tsohon akwatin take zama. Sabon salo kuma ba ya tambaya, kowa yake amsa wa. Amma a lungun nan ban fahimci komai ba. Mai ɗinkin littafi yana ta jan jerin sunayen da yatsa don in ga yawansu, ni kuwa ina kallon ƙofar baya ina auna ko zan iya fita ba tare da na bi ta falo ba. Ban kai ga yanke shawara ba auta ta leƙo. Ba ta dube ni ba, ta ce Mama tana kira.

Mama, matar maigidana, ita ta ciyar da ni shekarun da nake koyon aiki. Ba ta da imel, ba ta taɓa so ba, amma wata ƙanwar mijinta ta karanta mata, har ta kwatanta mata tafin. Na same ta zaune a bakin gado. Na durƙusa na fara bayani, ina cewa sabuntawa, ina cewa maɓalli, ina nuna kusurwar waya. Ta bar ni har na gaji.

“Jan Biro, wa ya rubuta?”

“Ba kowa, Mama. Wayar ce take shirya amsa da kanta.”

“Wa ya aika?”

Na ce ni ne.

“Ka karanta kafin ka aika?”

Na ce ban ma san na aika ba.

Ta gyara bakin mayafinta. Sannan ta ce, “Na san ba ka yi murna ba. Tun kana cin tuwon hannuna na san cikinka. Amma da yana nan, ka san abin da zai tambaye ka ke nan.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na yi kuka a gabanta irin wanda ban yi ba tun ina yaro, rabi na mutuwa, rabi na kunya, ban san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Da na natsu ta ce akwai sanarwar rasuwa da za a buga, yaran sun rubuta, ba ta yarda kowa ya kai injin ba sai na duba. Babban ɗanta ya ce a ba wani. Ta ce masa, “Shi kaɗai mahaifinku yake yarda da idonsa.” A teburin kicin na duba ta, da biron auta, mutane suna wucewa ta bayana. Na sami kuskure ɗaya a sunan maigidana. Ban nuna wa kowa ba, na gyara kawai.

Washegari na rubuta wa duk mutanen nan bayani da neman gafara. Wuni guda na yi a kan layi shida. Wasu sun kira ni, wasu sun yi shiru. Da yawa sun amsa da “Ba komai, na gode!”, kalmomi iri ɗaya, alama iri ɗaya, kuma na san inda suka samo ta. Auta ta dawo tana ce mini Yaya. Babban ɗan har yau in na kira sai wayar ta yi ta ƙara ta katse, ban kuma ga laifinsa ba, domin shi a ranar da ya rasa uba ya ga sunana yana tafi. A wurin aiki labari ya riga ni isa. Yaran da nake ja wa jan layi a shafukansu yanzu in na juya baya ina jin suna ce mini Madalla.

Marigayi akwatina ya bar kalmar sirri ɗaya, wadda ta koma hannun magajinsa ba da son ranta ba. Ya bar tarin saƙonnin da ban buɗe ba, da wasiƙun maigidana na shekarun farko, waɗanda ni na buga su amma muryarsa ce a ciki. Ya bar babban yatsana na hagu, maraya, wanda har yanzu yake zuwa kusurwar nan, sai in riƙe shi da ɗaya hannun. Na nemi masu shi su dawo mini da tsohon akwatin, aka amsa mini cikin ladabi cewa ra'ayina yana da muhimmanci.

Ba a sami gawa ba, don haka ba za a ɗauki komai zuwa ko'ina ba. Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da hantsi a falon gidana, inda maiɗakina, wadda ta fi ni haƙuri, ta yi alkawarin tona saitin wayar har ta gano inda ake kashe amsoshin nan. Daga nan za a zauna karɓar gaisuwa har la'asar. An tanadi kujera ɗaya kusa da ƙofa domin babban ɗan maigidana, ko zai zo ya zauna bai ce komai ba. Masu zuwa su zo da ƙafarsu. Wanda ba zai samu zuwa ba, ina roƙonsa kada ya rubuto. In kuma ya rubuto ya ga amsa ta zo masa da sauri, ya yi mini uzuri, ba ni ba ne.