Ku Dakata, Yanzu Zai Mutu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin nan ba, ko na so in manta ma mutanen Maradi ba za su bar ni ba. Lokacin ina koyar da Faransanci a wata lise, wato babbar sakandare, da ke unguwar Zariya, ni ne kuma shugaban 'yan wasan kwaikwayon makarantar (ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina). Kowace shekara a makon al'adu abu ɗaya ake nunawa: baƙauye ya shigo birni ya ga fanka ya ruga, a yi dariya a watse. Ni kuwa da na dawo daga karatu a Yamai kaina na hayaƙi, sai na ce bana za mu yi wasan da zai hana iyaye barci, mai waƙa da rawa, a kan ƙwayar da samari ke sha.

Dirakta bai so ba. Ya ce maganar ƙwaya da rawa a gaban iyaye jawo wa kai magana ne. Na kwantar masa da hankali da bayani mai tsawo. Na ce wasan kashi biyu ne: a na farko za a nuna daɗin abin, yadda yake jan yaro, a na biyu kuma yaron zai faɗi ya mutu, a rufe da waƙar makoki. Madam Rahila, malamar lissafi da ke zuwa daga Tsibiri, ita ta tsara mana muryoyin waƙoƙin, don ita ke koyar da mawaƙa a majami'arsu. Ta ce me zai hana a fara da mutuwar, sannan a koma baya? Na yi mata murmushin tausayi, na ce ai ba haka ake gina wasa ba. Har yau in na tuna murmushin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Wanda ya fito a tauraron wasan wani yaro ne ɗan ajin ƙarshe, Sani, ɗan ƙauyen Jiratawa, yana zaune a gidan dangi a cikin gari. Sai da muka yi nisa da gwaji na san abin da ya sa ya nace sai shi. Yayansa Lawali ɗan kabu-kabu ne a nan Maradi, ƙwaya ta kama shi, wata rana ya faɗo daga kan babur yana jijjiga, bai ƙara tashi ba. Tun daga nan uwarsu ta tsani zaman Sani a birni. Ta riga ta faɗa masa cewa ya tattaro kayansa ya dawo lambu, gari ya ci mata ɗa ɗaya ba za ta ba shi na biyu ba. Shi kuwa jarrabawar bak, ta kammala sakandare, ta rage masa 'yan watanni.

Waƙar ƙarshen shi ya rubuta ta da kansa. Ranar da ya fara rera ta a aji, Madam Rahila ta janye hannu daga kan piyanonta ta fita waje, ba ta dawo ba sai da aka kaɗa ƙararrawa. Sani ya same ni bayan an tashi, ya ce ya shawo kan innarsa za ta zo. Mushe suke kirana, yadda ake kiran malami namiji a makarantunmu na Faransanci.

"Mushe, in ta ji waƙar ga za ta san ba hanyar Lawali nike bi ba. Za ta bar ni in ƙare."

Na dafa kafaɗarsa na ce ya bar komai a hannuna.

Ranar wasan aka kafa rumfuna a filin makaranta, aka yi hayar kujeru da sono, wato kayan lasifika. An ce za a fara da an sallame la'asar. Iyaye suka cika, amma babban baƙonmu daga ofishin ilimi bai iso ba, dirakta kuma ya ce ba a fara taro babu shi. Da ya iso rana ta riga ta yi sanyi. Nan ne fa ya kamata mai hankali ya ce bismilla a fara. Ni kuwa na ɗinka sabuwar shadda saboda ranar, na kuma kwana biyu ina haddace jawabi. Na karanta shi da Faransanci tun daga tarihin wasan kwaikwayo a duniya, sannan don kada iyaye su yi asara, na sake maimaita shi kaf da Hausa. Madam Rahila tana ta nuna mini agogon hannunta, ni kuma na ɗauka jinjina take yi mini.

Aka fara. Wallahi yaran sun yi ƙoƙari, ƙoƙarin ne ma ya kashe mu. Sani ya fito da baƙin tabarau, hula a karkace, yana taku yana ɗage kafaɗa ɗaya, 'yan amshi na binsa: "Ɗaya ta safe, biyu ta rana, gajiya ba ta san gidanmu ba!" Kafin a zagayo sau uku ɗaliban da ke kallo sun kama, suna tafi suna fito. Ina gefen dandamali ina kallon fuskokin iyaye suna ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya, ina ce wa raina ku dai jira. Innar Sani tana layi na biyu, 'yar siririya cikin hijabi ruwan toka, ta haɗa hannuwa a cinya ba ta ko motsi.

Kashi na farko na ƙarewa, ana jawo tabarmar da Sani zai faɗi a kai, sai ladanin masallacin da ke bayan katangarmu ya ɗaga murya. Magariba.

Kowa ya san abin da magariba ke yi wa taro a garin nan, ni kaɗai na manta. Maza suka miƙe suna naɗe hannun riga. Mata suka hau kiran 'ya'yansu. 'Yan matan da za su yi amshin makoki, yayyensu maza suka zo har bakin dandamali suna yafuto su, don ba a yarda yarinya ta kai duhu a waje ba. Babban baƙo har ya kai mota. Na ga wasana yana watsewa daidai inda ƙwaya ta ci nasara, sai hankalina ya tashi ya bar ni. Na fizge makirfo daga hannun wani yaro, na kwarara ihu, muryata ta danne ta ladan:

"Jama'a ku dakata! Don Allah ku zauna, yanzu zai mutu!"

Kowa ya waiwayo, kiran salla na ci gaba da tashi. Wani dattijo da ke gyara takalmi ya ɗago ya ce, "Mushe, sallar za mu tsaida mu jira shi?" Wasu suka fashe da dariya, wasu suka hau salati. Maimakon in yi shiru sai na ƙara da cewa wallahi kaɗan ya rage, yana faɗuwa ya mutu kenan. Ina rufe baki idona ya faɗa cikin na innar Sani. Ba ta harare ni ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dube ni, ta dubi ɗanta da ke tsaye kusa da tabarma da tabarau a fuska, ta miƙe a hankali ta yafuto shi. Ya sauka ya bi ta. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya irin na lokacin ba.

Da aka idar da salla na dawo na tarar da kujeru da mai sono yana naɗe wayoyinsa. Kafin mako ya zagayo waƙar farkon ta cika gari, 'yan kabu-kabu na rera ta a bakin tasha, yara na yin takun a lungu. Iyaye suka zo wurin dirakta a fusace, aka rufe ƙungiyar wasan. Ni kuma na samu sabon suna. In na ratsa kasuwa sai in ji daga bayana an ce, "Mushe, ya mutu ko da saura?"

Duk wannan mai sauƙi ne. Kujerar Sani ce a aji ta zama wayam.

Wata ranar Lahadi na hau babur na tafi Jiratawa. Na same su a lambu, Sani yana buɗe wa ruwa hanya tsakanin layukan zogale, uwar tana tsinkar ganye. Na durƙusa na gaishe ta, na ba da haƙuri, na shiga bayanin kashi na biyu da ba ta gani ba. Ta saurare ni har na gama (ita ce mutum ta farko da ta taɓa yi mini haka).

"Na yarda ba da mugun nuhi ka yi ba, Mushe," in ji ta. "Amma takun nan da ɗage kahwaɗa, kai ka koya mishi?"

Na ce a'a, shi ya zo da abinsa.

"Na sani. Haka Lawali ke shigo mini gida in ya sha. Ƙarshen da kake ta kiran mutane su tsaya su gani, ni na gane shi da idona, ni na ruhe mishi baki. Ba ni bukatar a sake gwada mini."

Na ce to Inna, ko waƙar kaɗai ki bari ya rera miki, nan, yanzu. Ban jira amsarta ba na juya wajen Sani. Bai ɗago ba. Ya girgiza kai, ya ci gaba da tura ƙasa da fartanya. Na sake roƙon a bar shi ya zana jarrabawar ko daga gida yake zuwa. Ta ce za ta yi shawara da kawunsa, a irin muryar da kowa ya san an gama shawarar. Bai dawo ba.

Yanzu shi ke riƙe da lambun. Wani lokaci mukan haɗu in ya shigo da kaya kasuwa, ya gaishe ni da ladabi ya tambayi lakwal, makarantar da ya bari, ni kuma in rasa inda zan sa idona. Darasin da na samu ba mai zurfi ba ne, kowace tsohuwa a unguwarmu ta san shi ba tare da ta je Yamai ba: in kana da magana mai ɗaci da kake so a ji, ka faɗe ta tun mutane na zaune, don babu wanda ya yi maka alkawarin zai kai ƙarshe. Na koye shi sarai, sai dai Sani ne ya biya kuɗin karatun.