Dokta Abdulbaƙi da Matacin A'i

Duk faɗin Bauchi, in ana maganar ilimin ɗaci, to sai a tsaya a ƙofar Dokta Abdulbaƙi na Gwallameji a cire takalmi. Kada ka tambayi jami'ar da ta ba shi digirin dokta, wannan rashin ladabi ne. Ya dai taɓa yin kwangilar kai kwalabe ɗakin gwaje-gwajen wata makaranta, aka bar masa farar rigar da ta yi wa malamin kimiyya kaɗan, shi ke nan ilimi ya shige shi ta wuyan riga. Tun daga ranar ko ɗaurin aure za shi sai ya ɗora ta kan kaftani, ta sha wanki har ta yi shara-shara.

Fanninsa tazargade ne, ganyen nan mai ƙarfin wari da tsofaffi ke jiƙa wa mai zazzaɓi. Dokta yakan jiƙa shi a sifirit, ya tace, ya shanya har ya yi kauri, sannan ya fito majalisa da 'yar kwalba a aljihu.

"Ku kullum ɗaci, ɗaci," in ji shi, yana kaɗa yatsa. "Sunansa absintin! Ƙwayoyi biyu ne suka rungumi juna suka zama ɗaya. Ɗigo guda a randa, wallahi sai harshenka ya ba da labari. Kuma ruwan sanyi ba ya wanke shi yadda ya kamata, ku rubuta ku ajiye. Ni kam harshena ya wuce wannan matakin, kamar zuma nake jin sa."

Gaskiyar magana, ko sau ɗaya abin bai taɓa hawa harshensa ba. A cewarsa, babban mai bincike lura yake yi, ɗanɗano aikin ƙananan ma'aikata ne. Obiefuna mai shagon taya ya taɓa yarda aka ɗiga masa, ya wuni yana tofar da yawu, daga baya ya sake hanyar zuwa shago. A gaban idon Dokta 'yan unguwa na ce masa Sarkin Ɗaci, in ya ba da baya kuwa Dokta Buɗe-Baki.

Wadda ilimin nan ya fi cuta ita ce 'yarsa Ni'ima, malamar firamare mai hankali. Masu son ta sun zo, amma duk wanda ya shiga gaida uban sai ya fito da jawabi a kunne da ɗigo a harshe, ba ya ƙara dawowa. Mahfuz ne kaɗai ya jure, ita ma shi take so har ranta. Da aka ce manyansa za su zo neman aure, sai ta durƙusa gaban uban.

"Baba, don girman Allah, ka bar Baba Babba ya karɓe su kamar yadda kowa yake yi. In wannan ma ya watse ban san inda zan sa kaina ba."

Kowa ya san uban yarinya kan kauce a irin wannan rana, ɗan'uwansa ya yi magana. Amma wannan al'ada an yi ta ne don iyayen da ba su da abin faɗa. Dokta dai ya yi alkawarin barin kwalbar a ɗaki, ya kuma ji a ransa ya yi babbar sadaukarwa.

Ana gobe baƙi za su zo, takardar tacewarsa ta ƙare ana tsakar bincike. Kimiyya ba ta jira. Ya hango farin ƙyallen da matarsa A'i ke tace kunun aya a kan igiya, ya zare, ya tace haɗinsa mai kauri. Da ya gama ya ɗauraye shi tas da ruwan sanyi, ya mayar inda ya ɗauka, yana yaba wa kansa tsabta.

Washegari A'i ta tace kunun ayarta da shi. Tana azumin ramuwa, ba ta ɗanɗana ba, kuma hannunta ya daɗe da sanin awon sukari.

Baƙi suka iso daga Tirwun, Baffa Umar ƙanen kakan Mahfuz ne a gaba, tsoho mai nauyin baki. Baba Babba, wan Dokta, bai gama yi musu sannu da zuwa ba sai ga farar riga ta shigo, ta zauna a kujera mafi girma. Aka zuba kunu. Baffa ya yi bisimilla ya kurɓa.

Wanda ya zo roƙon 'yar mutane ba ya yamutsa fuska a kan abin da aka ba shi. Tsohon ya haɗiye, jijiyar wuyansa ta miƙe, hawaye suka cika masa ido. "Masha Allah," ya ce, da muryar da ba tasa ba. Sauran ma suka haɗiye nasu don kunya, suna kallon silin.

Dokta ya ga dattawa na share hawaye, ya tabbata kwarjininsa ne ya taɓa su. Nan take ya buɗe babin absintin, tun daga ƙwayoyin da suka rungumi juna har zuwa harshensa mai jin zuma.

Wan nasa ya kurɓi kunun, ya daɗe yana duban ƙanensa. Sannan ya cika kofi mafi girma har baki.

"Abdulbaƙi, maƙogwaronka ya bushe. Jiƙa shi."

Ba a mayar da hannun wa a gaban surukai. Dokta ya ɗaga kofin da isa, ya cika baki. Idanunsa suka firfito, kumatunsa suka kumbura, ya feso kunun a gaban farar riga. Ya zura tsakar gida takalmi ƙafa ɗaya, yana ihu, "A'i! Sukari! A'i, an kashe ni!" Ya kafa baki a famfo yana ta kurkura da ruwan sanyi, ruwan da shi da bakinsa ya sa mutane suka rubuta suka ajiye cewa ba ya wanke ɗacin.

A bayan labule Ni'ima ta zame ta zauna, ta fashe da kuka. Ta gama sallamawa cewa Mahfuz ma ya tafi.

Baffa Umar ya goge ido da hannun riga, ya dubi wan Dokta.

"Alhaji, da neman aure muka fito daga gida, amma yanzu mun ga ceto ne. A sa mana rana kusa-kusa. Abin sha na biki kuma, don Allah, a bar mana mu kawo."

Aka shafa fatiha Dokta na can yana kakari a bakin famfo.

A'i ta jefar da tsohon ƙyallenta. Ta ɗauko farar rigar, ta dafa ta da sabulu, ta sa almakashi ta fitar da sabon mataci daga bayanta. Shi ne aikin kimiyya na farko da rigar ta taɓa yi.