Gaisuwa a Ƙarƙashin Babur

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je gaida Malam Idi a Ruwan Godiya. Ko na so in manta ma ba hali, don tabon yana nan a ƙafata ta dama, duk alwala sai mun ga juna.

A lokacin ina saurayi, ina koyarwa a wata firamare a Ƙanƙara. Shekarun nan ne da kuɗin man fetur suka fara yawo a ƙasa har suka leƙo aljihun irinmu. Da gwamnati ta yi ƙarin albashi aka haɗo mana da ariyas na watannin baya, abokan aikina masu hankali wani ya sayi kwanon rufi, wani shanun huɗa. Ni kuwa sai na hau mota na nufi Kaduna, na karɓo babur a hannun wani Bature mai aikin hanya da zai koma ƙasarsu. Kada ka kawo a ranka irin ƙananan nan da malaman gona ke hawa. Wannan baƙi ne wuluk, silinda huɗu, salansa huɗu, injinsa a fili ba abin da ya rufe shi, nauyinsa kuwa sai ka ce bijimi. In na murɗa totur a hanyar Sheme, iska ta cika mini riga, itatuwa suna ta komawa baya, ji nake duk ƙasar Katsina ba wanda ya kai ni. Na so babur ɗin nan so na gaske, har yau in na ji mai irin kukansa sai na waiwaya.

Abu ɗaya ne kawai na fi so a kansa, wato Hadiza (kuma ita ma ta sha tambayata ko na tabbata). Malama ce a Faskari, a wurin wani kwas muka haɗu, muka daidaita. Saura yardar mahaifinta, Malam Idi, manomi, dattijon da ba ya maimaita magana. Matsalar ita ce labarina ya riga ni isa wurinsa. An gaya masa ni ne mai ratsa Yankara ranar kasuwa da ƙarar da ke sa jakuna zubar da kaya. Ba sharri aka yi mini ba, ni ne. Sai ya aiko cewa kafin manyana su taka ƙofarsa, yana so in zo shi kaɗai ya gan ni. In ya ce a'a, magana ta mutu, Hadiza ba za ta tsallake maganarsa ba, ni ma na san haka.

Hadiza ta ba ni shawara in ari keke. Na ce haba, ai sai a ce malamin ya tsiyace. Ni ina da dabarata: zan je da babur ɗin, amma in nuna ladabin da ba a taɓa gani ba a garin. Ka san al'adarmu, mai keke in ya doso majalisar dattawa yakan sauka ya tura, in wurin surukai ne har ya cire takalmi. To ni ma haka zan yi. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne, da keke aka ƙirƙiro wannan al'ada.

Ranar Asabar da hantsi na isa, cikin damina, an kwana ana ruwa. Na ci ado da farar babbar riga da hula sabuwa. Tun daga nesa na hango Malam a gindin ceɗiyar ƙofar gidansa bisa tabarma yana tufkar igiya, da abokansa biyu, ɗaya limamin unguwar ne. Na kashe injin, na sauka, na cire takalma na rataye a hannun babur, na fara turawa. Jama'a, tura wannan abu ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba aikin mai babbar riga ba ne. Kafin in yi rabin tafiyar gumi ya wanke ni, numfashina har shi ake ji. Duk da haka ban ajiye shi can nesa ba kamar yadda hankali ya ce. Sai da na kawo shi daf da tabarma (gaskiya dai so nake su ga salansa huɗun nan), na sauke 'yar ƙafarsa na kafe shi, na durƙusa a gefensa na sunkuyar da kai.

Malam ya amsa sallama bai ɗago ba. Hadiza ce 'yarsa ta fari, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya tsura wa mai nemanta ido. Idonsa na kan igiyarsa ya fara gaisuwa, a hankali, irin ta dattawan da ba inda za su.

Muna kan “ina kwana” na ji wani abu ya dafa mini kafaɗa. Ashe ƙafar babur ce ke nutsewa cikin laka, shi kuma yana kwantowa kaina sannu a hankali. Na tokare shi da kafaɗa ina amsa “lafiya lau”. Da aka zo “ina gajiya” ya fi ƙarfina. Ya kwantar da ni a gefe ɗaya, ya danne rigar, ya danne ƙafar, hulata ta gangara ta tsaya a bakin tabarmar Liman. Salansar da ta sha gudu tun daga Ƙanƙara kuwa ta sami ƙwaurina ta zauna.

Yanzu ka ce me ya hana ni ihu. Ni ma na sha yi wa kaina tambayar. A gaban wa zan yi? Mutumin da nake roƙon 'yarsa ne zan katse wa gaisuwa in ce ya taso ya ɗaga mini babur? Na zaɓi in mutu a wurin. Malam kuma ya ji faɗuwar, ba kurma ba ne, amma a ganinsa in ya ɗago ya kalle ni a wannan hali ya kunyata ni, gara ya yi kamar bai ji ba in tattara kaina in tashi. Abokansa suna gani ƙuru-ƙuru, sai dai ba a shiga gaisuwar maigida da baƙonsa. Haka muka taru mu huɗu, kowa yana ta kare mutuncin wani, ni kuwa ina gasuwa.

Ya tambayi mutanen Ƙanƙara, na ce suna lafiya. Ya tambayi iyayena ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi aiki, na ce da godiya, kuncina a ƙasa. Ya ce ya ruwa, na buɗe baki na ce ruwan da ya jawo mini duk wannan ya yi gyara. Ta wutsiyar ido ina ganin Liman ya cusa bakin rawaninsa a baki, kafaɗunsa na rawa.

Can sai Malam ya dakata da tufka, ya shaƙi iska, ya ce, “Wai mi ke ƙauri haka?”

Liman ya zare rawani daga bakinsa ya ce, “Malam, ina jin baƙonka ne.”

Sai a lokacin ya ɗago. Ya yi salati, ya yar da igiya, su uku tsofaffi suka kama babur ɗin suka ɗaga shi daga kaina, shi Malam ne ma ya riƙe wajen nauyin. Wandona ya ƙone ya manne, farar riga ta koma kalar gona, ga fetur ya jiƙa ta. Daga bayan danga kuwa dariyar mata ce ke tashi, kuma a cikinta na tsinci wadda na sani sarai. Ita ta fi salansar yi mini zafi. Aka aiko da zuma daga cikin gida, Liman ya shafa mini, aka sa ni a motar kasuwa na koma Ƙanƙara tsakanin buhunan masara, babur ya kwana a zauren Malam. Duk hanya ina ta yi wa Hadiza ban kwana a zuci, don na gama sanin ba uban da zai ba wa irin wannan wawa 'yarsa.

Kwana tara ina jinya, sai ga saƙo wai manyana su zo. Kawuna ne ya jagorance su, shi ya dawo mini da abin da Malam ya faɗa a gaban kowa: “Wanda wuta ke ci bai katse ma babba gaisuwa ba, shina iya haƙuri da ɗiyar mutane. Na ba shi.”

Saukar da na yi, da cire takalmi, da turin da ya kusa kashe ni, duk ladabin da na kwana ina shiryawa, ko ɗaya bai ambata ba. Abin da ya gani ya kira haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne, tsabar kunya ce da rashin dabara. Na yi niyyar in gaya masa gaskiya wata rana, ban iya ba har Allah ya karɓi abinsa. Sai dai maganar ta bi gari. Duk ranar da raina ya ɓaci na fara ɗaga murya a gida, Hadiza ba ta cewa komai sai, “A'a, mai haƙurin Baba ne kuwa?” Nan take sai in haɗiye sauran.

Abin da na koya ke nan: in dattijo ya yi maka kyakkyawan zato bisa kuskure, ka shiga uku, don sauran rayuwarka za ka ƙare wajen hana shi zama maƙaryaci.