Rasuwar Gwaggo, Lasifikar Filin Ƙwallo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Nedyalko Parvanov, mai sanar da sunayen 'yan wasa a filin ƙwallon garinmu, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar lasifikar filin, wadda kowa ya fi sani da Gwaggo. Ta cika ranar Lahadi da la'asar, a kan turken da ta yi rayuwarta, da rabin suna a bakinta.

An ɗaura marigayiyar a kan turken tun zamanin da masana'antar taba ke ciyar da rabin garin nan. Ba ta taɓa sassauta murya don kowa ba, kuma babu sirrin da ya shiga bakinta bai isa kasuwa ba. Shi ya jawo mata sunan. Kafin ta yi magana takan yi gyaran murya, ƙiii, har karnukan bayan coci su amsa.

Nedyalko ya fara jin ta yana yaro, shi da abokinsa Zdravko Gunchev, suna kutsawa ta ɓular shinge da 'ya'yan kabewa cike da aljihu. In an tashi sai su wuce bayan rumbun taba, su jera jakunkunan makaranta a matsayin raga, su buga har iyaye mata su fito da muciya. Zdravko ya iya kama ƙwallo kamar da ita aka haife shi. Nedyalko kuwa ko a gabansa aka ajiye ta sai ya shure ƙasa.

"Kai dai ƙafarka ta zuwa aike ce," in ji Zdravko. "Hau kan ganga ka faɗi sunana, ka ja shi da tsawo yadda Gwaggo ke yi."

Haka aka raba aikin, haka kuma ya tabbata. Zdravko ya zama mai tsaron ragar gari, ya je babban birni ya buga, ya dawo da gurguwar gwiwa. Nedyalko ya gaji ɗakin katakon da ke ƙarƙashin turke, inda ake yin sanarwa, ya tsufa a ciki.

Marigayiyar ta yi hidima. Ta nemo yaran da suka ɓata, ta kira likita daga tsakiyar 'yan kallo, ta zagi alƙalin wasa sau ɗaya da aka manta ba a kashe ta ba. Kowane hutun rabin lokaci ita ke rera kaset ɗin Tsvetana, mawaƙiyar da babu auren da aka ɗaura a garin nan ba da muryarta ba. Ita ce ma ta nema wa Zdravko aure. Ya faɗo ɗakin katako da safar hannunsa, ya ture Nedyalko daga gaban makirufo, gari duka ya ji:

"Rumyana ta gidan burodi! In kin yarda ki ɗaga gyale. In kin ƙi, wallahi zan bar ƙwallo ta shiga!"

Rumyana ta miƙe a cikin 'yan kallo ta ce, "Ka bar ta ta shiga mana, yau ka fara?" Kafin a tsinke inabin shekarar aka yi bikin.

Ciwon ajali ya soma mata da bazara. Muryarta ta dushe, tana haɗiye ƙarshen kalma. A haka ta sanar da rasuwar Tsvetana, ta rera waƙarta tana rawar murya, mutane suka ce kuka take yi. Bayan Tsvetana aka rasa ɗan wasan tsakiya na tsohuwar ƙungiya, sai ɗan barkwancin da ke kwaikwayon magajin gari a bukukuwa. Wasa ya zama ba a fara shi sai an tsaya shiru. Nedyalko ya tsani hanyar coci, don bishiyar da ake liƙa wa takardun rasuwa masu hoto ta cika da fuskokin da ya sani.

Sai Zdravko ya faɗi a gonarsa, kwando a hannu.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan binne shi filin ya cika har kan katanga. 'Yan wasa suka jeru. Nedyalko ya ja numfashi don ya ja sunan da tsawo, yadda mai shi yake so. Gwaggo ta yi ƙiii, ta ce "Zdrav..." sai wani gunji, sai tsit. Nedyalko ya bubbuga makirufo, ya ja waya, ya fito da gudu ya ƙwala sunan da bakinsa, iska ta tafi da shi. Jama'a suka yi cirko-cirko suna kallon turke. Rumyana ce ta tashi cikin baƙaƙen kaya.

"Me kuke kallo a sama? Ba ku san sunansa ba ne?"

Filin ya ɗauka gaba ɗaya da kiran sunan Zdravko, har 'yan ƙungiyar baƙi. An ce an ji su a tashar jirgin ƙasa. Kowa ya koma gida yana cewa an yi masa abin da ya dace, ban da Nedyalko. Shi aka ba aikin nan a kan ganga, kuma bai ƙarasa ba.

Tun ranar bai zauna ba. Ya sa Kolyo mai gyaran lantarki ya hau turke, ya sauko yana karkaɗe hannu. "Baba Nedyalko, ai ba ciwo ba ne, ƙarewa ce. Ciki duk tsatsa da gidan zanzaro." Nedyalko bai yarda ba. Ya bi motocin haya gari-gari yana neman kayan gyara, samari na yi masa dariya a shaguna. Yakan bar kofi ya huce a kan tebur, ya zagaya fili, ya dawo, ya sake fita.

Marigayiyar ta bar turke ɗaya da ya karkace, da waya mai ɗauri bakwai-bakwai, da kwalin kaset, da shamuwar da ke sheƙa a kanta. Ta kuma bar wata sabuwar lasifika da kwamitin fili ya sayo, mai karɓar umarni daga wayar hannu, wadda ba ta san kowa a garin nan ba.

Za a sauko da Gwaggo da igiya ranar Lahadi mai zuwa bayan an fito coci. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya hutar da kansa, a bayan ragar yamma za a binne ta. Rumyana za ta kawo dafaffiyar alkama da sukari ta sadakar mamaci, giyar inabi daga gonar Zdravko ce. Bayan an rufe ƙasa, tsofaffin bayan rumbun taba da suka rage za su buga wasa na ɗan lokaci, gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. An sami mutum biyar a kowane gefe. Raga ɗaya ce har yanzu babu wanda ya yarda ya tsaya a cikinta.