Bakancen Mai Basir

Wani ne a ƙauyenmu, nan gindin dutsen Karadag, basir ya hana shi zama. Ko a gidan shayi a tsaye yake kurɓar nasa, kamar mai gadi. Da wuya ta kai wuya sai ya yi bakance a gaban jama'a: in Allah ya ba shi lafiya, zai hau Karadag da ƙafarsa har ƙololuwa.

Cikin ikon Allah ya warke. Gogan naka ya fito tsakar gida, ya ɗaga kai zai hango ƙololuwar, hularsa ta faɗi. Mutumin da jaki ma sai an cicciɓa shi yake hawa.

Sai ya nufi wajen liman. "Malam, da na ce Karadag, na faɗi wanne?"

Liman ya ce bai faɗa ba, amma kowa ya ga inda ya nuna da yatsa.

"Yatsa ai ba baki ba ne, Malam."

Daga nan ya je ya tare Durmush, direban tirela mai tsallaka ƙasashe, ya tambaye shi ko akwai wani Karadag ban da namu. Durmush ya ce masu wannan suna ba sa ƙirguwa, akwai dutse a yankin Kirimiya, akwai ma ƙasa sukutum a yankin Balkan da muke kira haka da harshenmu.

"Gajeren cikinsu nake so, ɗan'uwa."

"Akwai a wajen birnin Baku. Amma wannan gari ne, a shimfiɗe kamar faifai."

"Shi nake nema!"

Ragon banza, don gudun hawan yini guda ya ɗare tirela. Aka yi ta keta ƙasashe yana zaune kan kujera mai taurin tsiya. Da suka isa ya ari tsani, ya hau rufin tashar mota, aka ɗauke shi hoto yana haki. Wai ya hau Karadag.

Kafin su dawo, kujerar nan ta taso da basir, har ya fi na da. A rub da ciki aka shigo da shi gida. Ya kama raki, yana ce wa matarsa Hanife shi dai ya cika alkawari, ga hoto shaida.

"To ina lafiyar da aka ba ni?"

Hanife ko kallonsa ba ta yi ba, tana zuba shayi.

"Tana nan, maigida, ba ta ɓata ba. Wani mai irin sunanka aka miƙa wa a Baku."