Saniyar da Ke Farkon Waƙarmu

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da aka fara sa waƙarmu a bainar jama'a, a Zagga, wurin bikin ƙanwar abokina Buba. Har yau in na jiyo farkonta a wayar wani, hanya nake canzawa.

Mu biyu ne a ƙungiyar. Ni nake rubutu da kaɗa jita, Buba yana rerawa. Na taso da kaset-kaset ɗin mahaifina, direban babbar mota, na kiɗan makiyayan Amurka da ake kira kantiri. Buba kuwa Bafillatani ne daga wajen Bahindi, makiyayi na gaske, mai muryar da in ya ɗaga ta sai tsigar jikinka ta tashi. Muka haɗa muryar da jitar lantarki da ganga mai nauyi, muka ce mu ma mun iso.

Waƙar a kan makiyayi ce da ambaliya ta raba masa garke, rabi a wannan gaɓar kogin Kwara, rabi a waccan. A shagona na gyaran waya a Bagudo na rubuta ta, tsakanin wannan kwastoma da wancan. A amshi na sa wani wuri da murya ta biyu za ta hau can sama, na ce ni zan yi.

"Malam, ka tsaya ga jitarka mana," in ji Buba.

Na ce, "Ni na rubuta ta, ni na san yadda ake hawanta." (A banɗaki na san yadda ake hawanta, amma wannan ban faɗa ba.)

Sutudiyon da aka yaba mana yana tsallaken iyaka, cikin Binin. Muka wuce Illo a babur, jita a bayana. Mai wurin, Gado, Dandanci yake ji sosai, Hausarsa kaɗan ce. Ya ce yau kaɗai muke da ita, gobe zai tafi Kwatano. Biki kuma ya matso, Buba ya riga ya yi wa mahaifiyarsa alkawarin waƙar.

Jita ta shiga lafiya. Buba ya yi nasa tashi ɗaya. Aka zo kaina.

Na sa abin kunne, na ja numfashi, na hau. A tsakiyar hawan murya ta tsage. Gado ya ɗago daga kwamfuta ya ce, "Sake." Na sake, ta tsage a wuri ɗaya. Ɗakin ba taga, gumi ya jiƙa mini riga har wando. Janareta ya fara tari. A benci wasu mata mawaƙan coci suna jiran layinsu, sun daina hira, ni kawai suke kallo.

"Sake."

Buba ya matso ya ce a hankali, "In ba a ƙare yau ba, mi zan ce ma Inna?"

Na fita na yi sallar la'asar, na yi addu'ar da ban taɓa yi wa jita ba. Da na dawo na same su suna magana da Dandanci, suka yi shiru. Gado ya ce in yi sau ɗaya, da dukan ƙarfina. Na rufe ido na saki abin da ke ƙirjina. Ya ɗaga mini babban yatsa, ya ce shi ke nan, zai haɗa ya turo. Na dawo Bagudo ina jin kaina kamar wanda ya ci kokawa.

Sai ranar bikin waƙar ta iso wayar Buba, ban samu na saurara ba. Mai kayan sauti ya jona ta, ni kuma na karɓi makirufo don gabatarwa.

Ta fara da kukan saniya, dogo, mai ban tausayi, sannan jita ta shigo. Makiyayan da ke wurin suka gyaɗa kai. Na ce, "Jama'a kun ji gwaninta, saniyar Binin ce aka ɗauka da ranta." Da amshi ya zo, muryar sama ta hau sumul, ba gargada. Na buga ƙirji na ce, "Wannan ta sama kuwa, mai magana ne."

Na hango matata Hajara ta taso daga cikin mata da sauri. Ta zo daf da ni ta yi ƙasa da murya, ta manta makirufo yana hannuna a kunne.

"Baban Safiya, ka bar faɗin haka. Ta sama muryar Buba ta. Taka ita ta ta farko. Kullum da safe ina jin ta in kana wanka."

Lasifika ta kai maganar har bayan rumfa. Na juya wajen Buba, shi kuma takalminsa yake kallo. Wata tsohuwa ce ta fara dariya, sauran suka bi, har amarya a cikin mayafi kafaɗunta na rawa.

Daga baya Buba ya faɗa mini gaskiya. Ina salla Gado ya sa shi ya rera ta saman, ya ɗauka sau biyu. Tawa kuma bai so ya zubar ba don kada in ji haushi, sai ya saukar da ita ƙasa har ta koma kukan saniya, ya ajiye a farko.

Na ce a cire. Buba ya ce ai wurin nan ne mutane suka fi so.

Abin da na koya bai da yawa: kafin ka karɓi makirufo ka yabi kanka, ka saurari abin tukuna, kai kaɗai, ƙofa a rufe. Yanzu muna shirya waƙa ta biyu, a kan masunta. Na riga na gaya wa Buba jita kawai zan kaɗa, in suna bukatar kwaɗo su je bakin kogi su nema.